Jinin Baba a Cikin Fulas

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta Ƙofar Kuyambana, wani ya ce, "Aminu, wai da gaske ne rana ba ta fitowa a can?" Wani ya ce sai na ba shi labarin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Nakan tsakuro musu abin dariya in ja bakina. Yanzu na gaji da gutsuttsura labarin, gara in rubuta shi gaba ɗaya, har da inda ba na son faɗa. Ni ba yawon buɗe ido na je ba. Jinin mahaifina na kai, a cikin fulas ɗin shayi.

Baba malami ne a unguwar Limancin Kona, yana karantar da littattafai a zaurensa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na amininsa, Malam Haruna maɗinkin manyan riguna, wanda muke kira Baba Haruna. Kullum bayan magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, a fito wa kowane magidanci da kwanonsa a yi ciyayya. Su biyun suna da wata ɗabi'a tun kafin a haife ni: da an ajiye kwanuka sai Baba ya tura namu gaban Baba Haruna, ya jawo nasa. Kowannensu ya ce tuwon gidan ɗan'uwansa ya fi daɗi. Matar Baba Haruna, Hajiya Ladi, gwana ce a miyar taushe mai gyaɗa, kuma ba ta fashin aiko wa Baba fura da nono da rana.

Sai ciki ya fara damun Baba. In ya ci abinci sai cikin ya kumbura, ƙirjinsa ya riƙa zafi, ya soma ramewa. An sha jiƙe-jiƙe, an sha ƙwayoyin kemis, babu sauƙi. Ana cikin haka ƙanwarsa, Goggo Asabe, ta fara sakin magana a tsakar gida.

"Mutum ya bar abincin gidansa, kullum sai na wani gida? Ni dai ban ce komai ba, amma a riƙa lura."

Ba ta ambaci sammu ba, amma babu wanda bai gane inda ta dosa ba. Katangar kuwa gajeriya ce, na ji tsoron ranar da maganar za ta haura.

A lokacin ne ƙanwata Rakiya, wadda mijinta Usman ke karatu a Manchesta, ta aiko da kaset. A ciki ta ce akwai wani gwaji da ake yi a can, a auna jinin mutum a faɗa masa abincin da jikinsa ba ya so. Babban wanmu, Yaya Bala, da ke zaune a Kaduna, ya ce lallai a yi. Baba ya ce shi da ya sauke farali ya dawo babu jirgin da zai ƙara hawa, in jini suke so ga hannunsa. Ni ne malamin makaranta mai dogon hutu, don haka tafiyar ta faɗo kaina. Kuma na yi murna. Lissafina shi ne takarda ta fito ta ce barkono ne ko manja, Goggo ta kama bakinta, sunan gidan Baba Haruna ya fita fes.

Wani abokina da ke aiki a ɗakin gwajin jini ya ɗebi jinin, ya juya shi a na'ura har ruwan rawaya ya taso sama, ya tsiyaye shi a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya samo mini takardar likita, ya ce, "Ko me za ka yi, kada ka bari ya yi zafi." Fulas ɗin gidanmu bakinsa ƙarami ne, ƙanƙara ba ta shiga. Baba Haruna ne ya shiga gida ya ɗauko nasa, babba mai faɗin baki, tsarabar Makka. Bai san komai game da maganar Goggo ba.

Ya ce, "Ungo, ɗana. Ka ce wa Turawan jinin malami ne, su yi alwala kafin su taɓa."

Baba ya ce, "Kai dai fulas ɗinka kake ji, kada a bar maka shi a can."

Shekarar wahalar man fetur ce. Fijon da na shiga zuwa Kano ta mutu a Kwanar Dangora, direba ya ɗauki galan ya tafi neman 'yan bumburutu, ya bar mu a rana. Na girgiza fulas na ji ruwa na motsi, ƙanƙara ta fara narkewa. Wata mai sayar da zoɓo ce ta cece ni, ta fasa mini ƙanƙarar kularta. Da muka tashi, ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen sojoji. Wani soja ya leƙo ya gan ni rungume da fulas.

Ya ce, "Malam, shayi ne? Zuba mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shayi ba ne. Jini ne."

Ban taɓa ganin mutane sun matsa daga jikin mutum a cikin mota cikakkiya ba sai ranar. Wata tsohuwa a baya ta kama salati. Sojan ya sa na fito na tsaya, ya karanta takardar likita a juye da daidai, sannan ya kira babbansu. Shi ne ya gane, ya ce in wuce, Allah ya ba mai jinin lafiya. Har muka isa Kano babu wanda ya sake yi mini magana, ko gyaɗar da aka zagaya da ita ba a miƙo mini ba.

A jirgi ban sha wahala ba. Na yi wa ma'aikaciyar jirgin bayani, ta riƙa kawo mini ƙanƙara a kofi ba tare da ta tambayi ko jinin wane ne ba. Abincin ne ya gagare ni. An ba kowa ɗan farantinsa a rufe, na buɗe na ga nama da ban san asalinsa ba, na rufe na ci burodi da shayi.

A bakin shiga Ingila na shirya dogon jawabi kan jinin. Jami'in ya duba takarda, ya duba kwalbar, ya mayar mini. Shi ke nan. Jakata ce ta jawo mini magana, don wani kare ya zo ya zauna a kanta ya ƙi tashi. Aka zazzage. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya tambaye ni ko ta lalace ne a hanya. Na ce a'a, haka take, kuma wannan mai kyau ce. Ya ɗaure ta da sauri ya ba ni. Kilishin da Innarmu ta sa aka yi wa Rakiya kuwa, shi suka ƙwace, wai ba a shiga da nama. Har yau in na tuna kilishin nan raina yana ɓaci.

Usman ya tarye ni muka hau jirgin ƙasa zuwa Manchesta. Gidansu ɗaki biyu ne a saman bene, a falo aka yi mini shimfiɗa. Sun ce lokacin zafi na zo, amma da rigar sanyin Usman na yi ta yawo. Rana kuma ba ta son faɗuwa, sai yunwa ta gama cin mutum kafin lokacin magariba ya yi. Na ga Usman yana wanke kwanuka, na kawar da kai don kada ya ji kunya, ashe shi ko a jikinsa. Maƙwabta kuwa, in kun haɗu a matakala sai murmushi da kalma ɗaya. Na gwada tambayar wani mutum iyalinsa da gajiyarsa, ya tsaya yana kallona yana jiran in faɗi abin da nake nema.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke kallon nasu, ita kaɗai take zaune, Rakiya na kiranta Kaka. Ranar da aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe na ce ai bai kamata mu ci maƙwabciya tana jin ƙamshi ba. Rakiya ta yi dariya ta zuba, ta ce in kai da kaina. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta yi murna sosai, sannan ta tambaye ni me da me aka sa a ciki. Na lissafa. Da na ambaci gyaɗa sai ta miƙo mini kwanon da hannu biyu, ta ce ta gode ƙwarai amma gyaɗa tana toshe mata numfashi. Na dawo da kwanon a hannu.

Na ce, "Rakiya, me kuka yi wa matar nan?"

Ta ce, "Babu komai, Yaya. Nan haka suke. Mutum ya tambayi abin da ke cikin abincinka, ya ce ba zai ci ba, gobe ku gaisa lafiya lau."

Washegari kuwa tsohuwar ta kawo mana biskit da ta gasa. Abin ya burge ni, har na ce a raina wannan ɗabi'a ce mai sauƙi. Ban tsaya na tambayi kaina ko za ta yi rai a Limancin Kona ba.

Wurin gwajin ba asibiti ba ne yadda na zata, wani ɗan gini ne mai tsabta a bayan kantuna. Wata mata mai farar riga ta karɓi kwalbar, ta yaba da yadda na kawo ta da sanyinta, na ji kaina ya yi girma. Ta nuna mini wani faranti mai ƙananan ramuka jere, ta ce kowane rami da ɗan abinci iri guda a ciki. Za a ɗiga ruwan jinin a kowanne. Jiki yana da sojojin da yake ƙerawa a cikin jini, in akwai waɗanda suka san wannan abincin sai su manne masa, ramin ya canja launi. Na ce to madalla, a fara duba mini gero da dawa. Ta duba jerin nata ta ce babu. Daddawa fa? Kuka? Kuɓewa? Manja? Duk babu. Akwai dai jatan lande, da cukwi iri-iri, da 'ya'yan itatuwan da ko sunansu ban taɓa ji ba. A nan ya kamata in fara shan jinin jikina, amma mutumin da ya ratso duniya da fulas ba ya son jin cewa ya yi aikin banza.

Bayan kwanaki sakamako ya fito. Abin da aka sa wa kore an yarda mutum ya ci, abin da aka sa wa ja ya bari. Ja guda biyu ne: madarar shanu da gyaɗa. Na zauna a bakin kujera. Nono da gyaɗa, furar Hajiya Ladi da miyarta ke nan. Usman, da bai san abin da ke raina ba, ya nuna layin kore yana dariya.

"Yaya Aminu, ka yi wa Baba albishir, an ce naman alade ba zai dame shi ba."

Ranar Juma'a a masallaci Usman ya haɗa ni da wani likita ɗan Sudan, Dakta Bashir, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Hausa, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan boko. Ya ja mu gidansa cin wake da man zaitun, a kwano ɗaya, da hannu. Wannan ne abinci na farko da na ƙoshi da shi a ƙasar. Na nuna masa takardar. Ya tambaye ni abin da Baba ya fi ci kullum, na faɗa masa.

Ya ce, "To ka gani. Bai taɓa cin alade ba, ya fito kore. Yana shan nono kullum, ya fito ja. Irin waɗannan sojojin da suka auna, jiki yana yin su ne ga abin da ya saba da shi, ko mai lafiya ka auna za ka same su. Ba irin na mai toshewar numfashi ba ne, wancan gwajinsa daban. Mu likitoci da yawa ba ma dogara da wannan. Dattijo yana ramewa, ƙirji yana zafi? Ku kai shi babban asibiti a leƙa cikinsa."

Na ce, "Dakta, ai ba zan iya tafiya da bakinka gida ba. Takarda na zo karɓa, kuma ita za a tambaye ni."

Ya ce, "To ka ba su takardar, ka ba su maganata."

Haka na yi niyya, haka kuma na yi. Ranar da na iso gida an cika tsakar gida ana yi mini barka da zuwa. Tun kafin in wanke ƙafa Yaya Bala ya karɓi ambulan ya buɗe, ya karanta da ƙarfi yana fassarawa. Da ya zo kan nono da gyaɗa sai Goggo Asabe ta tafa hannu.

"Ban faɗa ba? Yau ga Turawa sun faɗa!"

Na ce, "Goggo, ba haka ba ne. Wani likita a can ya ce gwajin abin da mutum ya saba ci kawai yake nunawa."

Yaya Bala ya ce, "Wane likita? Yana cikin masu gwajin?"

"A'a, a masallaci muka haɗu."

"To ka ji. Mu bar takarda mai hatimi mu kama hirar masallaci? In haka ne me ka je yi?"

Na maimaita, na sake maimaitawa, har muryata ta fara tashi a gaban manya, Inna ta yi mini ido. Baba yana zaune yana jinmu. Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana girmama abin da aka rubuta, kuma ciwo ya gajiyar da shi. Ya ce a gwada barin nono da gyaɗa na ɗan lokaci, in babu sauƙi a koma.

Da magariba ta yi aka shimfiɗa tabarma. Na fito da fulas na mayar wa Baba Haruna, da tsarabar tabarau na ɗinki da na sayo masa. Ya sa su yana ta wasa, yana cewa yanzu zai ga ramin allura tun daga unguwar Kwarbai. Aka kawo kwanuka. Baba Haruna ya tura nasa gaban Baba yadda ya saba. Baba ya sa hannu a gefen kwanon ya mayar masa a hankali.

"Malam Haruna, yau kam sai haƙuri. Takardar ta hana ni gyaɗa da nono."

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Sai wani maƙwabci mai saurin baki ya ce, "Af, ashe maganar da mata ke yi ta tabbata." Baba Haruna ya dubi mutumin, ya dubi Baba, sannan ya cire tabaran ya dube ni.

"Aminu, jinin da ka kai Turai, abincin gidana aka je aunawa?"

Na ce, "Wallahi Baba, don in wanke ku na je."

Ya ce, "Ka wanke mu. Ashe akwai abin wankewa." Ya dubi fulas ɗin da ke gefensa. "Kuma a cikin nawa aka kai."

Bai yi faɗa ba. Ya ci loma biyu, ya yi hamdala, ya ɗauki kwanonsa ya shiga gida. Washegari fura ba ta zo ba. Shi ma bai fito ciyayya ba, aka ce ɗinki ya yi masa yawa. Baba ya shiga har zaurensa ya ba shi haƙuri, Baba Haruna ya ce ba komai, ai lafiya ta fi komai.

Barin nono da gyaɗa bai ƙara wa Baba komai ba sai rama. Da abin ya yi tsanani Yaya Bala da kansa ya kai shi babban asibiti, aka zura masa abin leƙa ciki ta baki, aka ga gyambon ciki ne, wai wata ƙwayar cuta ke kawo shi. Aka ba shi magani na 'yan makonni. Kafin damina ta fita Baba ya murmure, likita ya ce ya ci abin da yake so. Asibitin nan, da mota ba ya kai tafiyar da na yi daga gida zuwa Kwanar Dangora.

Goggo ta ce ita dama ba ta kama sunan kowa ba. Yaya Bala ya koma Kaduna. Manyan unguwa suka sa baki, Baba Haruna ya dawo tabarma, ana gaisawa, ana hira, har dariya ana yi. Ranar da ya dawo ina wurin. Aka ajiye kwanuka, Baba ya tura namu gabansa, ya miƙa hannu zai jawo na gidan Hajiya Ladi. Ƙamshin miyar taushe har inda nake zaune. Baba Haruna ya dafa murfin kwanonsa.

Ya ce, "Bari, Malam. Kowa ya ci na gidansa, ya fi kwanciyar hankali."

Baba ya janye hannunsa. Tun daga ranar haka suke ci, kafaɗa da kafaɗa a tabarma ɗaya, kowa da kwanonsa a gabansa, yadda na ga ana yi a jirgi.

To abokaina, ga labarin Ingila. Rana tana fitowa, jirgin ƙarƙashin ƙasa gaskiya ne, karnukansu sun san kilishi. Ni dai na yi nadamar tafiyar, kuma ina yinta kullum magariba. Na ɗauki jinin Baba na tsallaka teku da shi don a nemo abin da ke cutar da shi, masu na'ura suka duba iya dubawarsu, abin da suka samu a ciki shi ne abincin da amininsa ya ciyar da shi shekara da shekaru. Shi muka sa wa jan layi.